In an ce tsohonka na da kansar furostet: yadda za ka raka shi daga gwaji har tiyata

Shekara biyu kenan da aka yi wa Babanmu tiyata a nan Kumasi, kuma tun daga lokacin da wuya wata ya wuce wani bai tare ni a ƙofar masallaci a Aboabo ba, ko ya kira ni bayan isha'i yana magana ƙasa-ƙasa, wai ya ji abin da ya samu Alhaji, su ma nasu tsohon ga yadda fitsari ke wahalar da shi, ta ina za su fara? To shi yasa na nemi izinin Baba nace bari in rubuta komai wuri ɗaya. Ni ba likita bane, shagon waya gare ni a Kejetia, amma ni na riƙe folda da katin asibiti tun ranar farko har yau, kuma wallahi da na san abin da na sani yanzu da ba mu yi asarar wata takwas ba.

Mma ce ta fara lura. Tace dare ɗaya sai ta ji ƙarar buta sau huɗu sau biyar, ya shiga bayi ya daɗe, ya fito ba a jima ba ya koma. Ni kuma abin da na gani, mutumin da ya fi shekara talatin a sahun farko ya koma zama can baya kusa da ƙofa ranar Juma'a, don kar fitsari ya matse shi ana huɗuba ya rasa ta inda zai ratsa mutane. Bai faɗa wa kowa ba. Ashe a ɓoye yana sayen wani maganin gora da ake talla a rediyo, wai yana wanke mara cikin sati biyu, gora bayan gora har wata takwas.

Fara da sanin abin da ake magana a kai. Mutanenmu na cewa kansar mafitsara, amma ba mafitsarar bace. Wani ɗan nama ne da maza kaɗai ke da shi, likitoci na ce masa furostet, bai wuce madaidaicin goro ba, yana ƙarƙashin mafitsara ya zagaye hanyar da fitsari ke bi, shi ke samar da wani kaso na ruwan maniyyi. In namiji ya manyanta sau da yawa naman nan na ƙara girma ya matse hanya, fitsari ya riƙa fita da ƙyar ko yana ɗiga, wannan kumburin tsufa ne ba kansa ba, kuma shi ya fi yawa. Ita kansar a farkonta yawanci ba ta nuna komai, mutum garau yake tana ciki. Mu ma likita yace mana mai yiwuwa kumburin ne ya hana Baba barci ba ita ba, Allah ne ya sa ya zama sanadin da aka gano ta. Shi yasa ba a jiran alama. A Ghana ita da kansar hanta su ne kan gaba a jikin maza, kuma baƙar fata ta fi kamawa: a lissafin Ingila namiji 1 cikin 8 ne zai gamu da ita a rayuwarsa, amma a baƙaƙe 1 cikin 4 ne. In ubanka ko wanda kuke ciki ɗaya ya yi ta, haɗarinka ya ninka fiye da sau biyu. Daga shekara 45 ya kamata namijinmu ya fara maganar gwaji da likita, mai ita a gida kuma tun daga 40.

Mataki mafi wuya shi ne fito da shi daga gida. Ɗa ba zai kalli ubansa ya tambaye shi yadda fitsarinsa ke fita ba, haka muka tashi, kuma in ka matsa sai yace maka lafiyarsa lau ya rufe zancen. Kada ka yi da kanka. Nemi sa'ansa, aminin da suke zama tare bayan la'asar, ko ƙanensa, ko liman. Mu Kawu muka samu, shi ya ce masa, Yaya ni zan je a duba min jini, zo ka raka ni mu yi tare. Haka suka tafi su biyu, ni ina biye da su riƙe da jaka.

Gwajin farko na jini ne, sunansa PSA, yawancin manyan lab suna yi, ba sai ya ƙi cin abinci ba. Amma kwana biyu kafin nan kar ya kusanci iyali, kar ya yi doguwar tafiya a keke, kuma in fitsari na masa zafi ko yana zazzaɓi a fara maganin wannan a jira wasu makonni, don duk waɗannan na ɗaga lambar. In yana shan finasteride na kumburi a faɗa wa likita, shi kuma rage lambar yake yi kusan rabi, sai a ɗauka lafiya alhali ba haka ba. Yawanci in ta haura 4 ake ƙara bincike. Hawanta ba ya nufin kansa kai tsaye, kumburi ma na ɗaga ta, don haka kar gida ya ɗauki kuka daga ganin takardar lab. Ta Baba 14 ta nuna, aka maimaita bayan sati shida ta dawo kusan haka.

Daga nan ka nemi takardar turawa zuwa likitan yuroloji, wato na mafitsara da hanyar fitsari. A Kumasi akwai su a asibitin Komfo Anokye, wanda har yau tsofaffinmu Gee suke ce masa saboda kamfanin da ya gina shi a shekarun 1950, a Accra kuma ga Korle Bu da asibitin soja na 37. Ku yi sammako, daga asuba, don mutane har daga Tamale da Wa da Bolga ake turowa, ka riƙe masa ruwa da koko a fulas. Ka duba katin NHIS, wato inshorar lafiya ta gwamnatin Ghana, bai mutu ba, ana sabunta shi a waya da *929#.

Akwai gwajin yatsa, kuma gara ya ji daga bakin Kawu ko aboki kafin a shiga ɗaki. Likita zai sa safar hannu da mai, ya sa yatsa ta dubura ya taɓa naman ya ji ko da tauri ko ƙullutu, bai kai minti ɗaya ba. Na san dattijan da suka tashi suka bar asibiti saboda wannan kaɗai ba su ƙara komawa ba. In ya fi son likita namiji ka roƙa da ladabi, kai kuma ka fita waje ka ba shi wuri. Baba da ya fito bai kalle ni ba har muka hau trotro, motar haya, ni ma ban ce komai ba, muka bar shi a haka.

Yanzu abin da na fi so kowa ya riƙe: sayi littafin rubutu na 'yan makaranta, ka ware shi don wannan aikin kawai. Likita zai yi bayani da Turanci ko Twi, da sauri, ga layi a waje, tsoho kuma sai gyaɗa kai yake yana cewa to, to, in kun fito ka tambaye shi me aka ce sai yace sun ce da sauƙi. Kai ne kunnensa. Rubuta kwanan wata, sunan gwaji, lamba, sunan kowane magani, da ranar dawowa. Ɗauki hoton kowace takarda a waya ka tura wa wani ɗan'uwa, mu akwai wani ƙaramin wuri da takardar sakamakonmu ta ɓace sai hoton waya ne ya cece mu. In ba ka gane ba ka ce, Dokta don Allah a maimaita min in rubuta, ban taɓa ganin wanda ya ƙi ba.

In PSA da yatsa sun ba da shakka, za a iya sa ku hoton MRI, sannan bayofsi, wato a ɗebi ƙananan tsoka daga naman a duba a lab. Mutanenmu na tsoronsa, wai in an taɓa kansa da ƙarfe sai ta watsu, kuma wannan maganar ta kwantar da mutane da yawa a gida har lokaci ya ƙure. Ba a tabbatar da ita sai da shi. Ana yin allurar kashe zafi, a ɗauki kamar tsinke 10 zuwa 12, a sallame ku ranar. In yana shan asfirin ko wani maganin tsinka jini, faɗa tun kafin a sa rana. Maganin kashe ƙwayar cuta da aka ba shi ya shanye kamar yadda aka rubuta. Jini kaɗan a fitsari ko bayan gida na 'yan kwanaki ba komai, a maniyyi ma yakan kai makonni. Amma zazzaɓi da rawar ɗari, ko fitsari ya ƙi fita sam, wannan ba a jiran gari ya waye, ku tafi imajensi a daren.

Ranar da sakamako ya fito, ka nemi abu uku ka rubuta su da manyan baƙi. Lambar PSA, ka riga ka san ta. Na biyu lambar Gleason, za ka gan ta a takarda kamar lissafi, 3+3 ko 3+4 ko 4+5, jimillar daga 6 zuwa 10, shida ita ce mai sanyi, tara da goma masu gaggawa. Ka kula 3+4 da 4+3 duk bakwai ne amma ba ɗaya ba, lambar farko ita ce irin da ta fi yawa a cikin naman, don haka 4+3 ta fi zafi. Wasu takardun kuma rukuni suke rubutawa daga 1 zuwa 5. Na uku, ina ta kai: tana cikin naman, ta ɓullo gefensa, ko ta tafi ƙashi. Don sanin wannan ake sikan na ƙashi, mu Korle Bu muka je aka yi, muka hau bas daga Asafo muka kwana gidan 'yar'uwarmu a Nima. Ta Baba 3+4 ce kuma ba ta fita ba, alhamdulillahi.

Daren da aka faɗa masa kalmar kansa ya kira ni ɗaki ya fara lissafa min bashin da ake binsa da wanda yake bi. Na bar shi ya gama, sannan nace Baba, Mandela an gano masa ita a 2001, aka yi masa magani, ya rayu har 2013 yana da shekara 95 kuma ciwon huhu ne ajalinsa, Desmond Tutu tun 1997 aka gano masa, sai 2021 ya rasu yana da 90. Ya yi shiru can yace, to Allah ya sa mu dace. Washegari shi ya fara tambayata yaushe za mu koma.

Hanyoyin magani in ba ta fita ba guda uku ne. In mai sanyi ce ƙwarai, likita zai iya cewa a sa mata ido, ana PSA akai-akai da hoto da maimaita bayofsi, kuma wannan magani ne ba wai an yi watsi da ku ba, amma sai mai cika alƙawarin dawowa. Ko tiyata a cire naman gaba ɗaya. Ko rediyoterafi, a ƙona ta da hasken inji, Litinin zuwa Juma'a na tsawon makonni, sau da yawa haɗe da allurar rage sinadarin maza. Injin yana Komfo Anokye da Korle Bu da wani mai zaman kansa a Accra, Sweden Ghana Medical Centre. Wani babban bincike a Ingila ya bi maza sama da 1,600 da aka gano musu da wuri har shekara 15, kusan 97 cikin 100 ba ita ta kashe su ba ko wace hanya aka bi cikin ukun nan. Don haka a ganina kar ku yanke shawara a tsaye, ku ga likitan tiyata, ku ga na rediyoterafi, ku tambayi kowanne: me zai faru da riƙe fitsari, me zai faru da kwanciyar aure, kwana nawa, nawa ne kuɗin, me NHIS zai ɗauka me ba zai ɗauka ba, in ta dawo me ya rage a yi. Ka tambayi mai tiyata sau nawa yake irin wannan aikin a shekara, ba raini bane. Baba na da 66 lokacin, ba suga, hawan jininsa na kan magani, ya yi istihara ya zaɓi tiyata.

Kuɗi kam a zauna a yi maganarsa a fili tun kafin a sa rana. Mu hoto da bayofsi da abubuwa da dama daga aljihu muka biya. Muka tara 'ya'ya da ƙanne, aka ware lambar MoMo ɗaya, wato asusun kuɗi na waya, mutum ɗaya ke riƙe da rasit a ambulan, kowa na ganin lissafi, wannan ya hana gutsiri-tsoma. Za a ce ku kawo masu ba da jini, ka nemi samarin unguwa biyu ko uku tun da wuri. Duk wani jiƙo ko sassaƙe ko maganin gora da yake sha a faɗa wa likitan da zai sa shi barci lokacin aiki, kar a ɓoye don kunya.

Bayan aiki zai farka da robar fitsari da wata ƙaramar roba a gefen ciki mai fitar da ruwa. Nas za ta tashe shi ya taka tun washegari, kar tausayi ya sa ka hana, tafiyar ce ke kare shi daga daskarewar jini a ƙafa. Mu kwana biyar aka sallame mu, robar fitsarin kuma ta bi mu gida sati biyu. Jakar ta kasance ƙasa da mara koyaushe, in zai kwanta a rataye ta gefen gado kar ta taɓa ƙasa, a ɗaure robar a cinya don kar ta fizgu, a wanke hannu kafin a juye da bayan an juye. Jallabiya ko zani sun fi wando. Ya sha ruwa sosai, ya ci gwanda da lemu da miyar ganye don kar bayan gida ya yi tauri ya yi nishi. Kuma don Allah, in robar ta toshe ko ta zame, kar wani mai kemis ko nas ɗin unguwa ya cire ko ya mayar, akwai ɗinki a ciki inda aka haɗa mafitsara da hanyar fitsari, waɗanda suka yi aikin kaɗai za su taɓa. Zazzaɓi, kumburin ƙafa ɗaya, numfashi da ƙyar, gudan jini a jaka, duk asibiti ne nan take. Sati shida ba ɗaukar kaya mai nauyi, ba hawa babur. Sallah a zaune ya yi ta yi. 'Yan dubiya kuma a tsara musu lokaci, Zango in aka ji an yi wa Alhaji aiki gida cika yake, shi kuwa yana jin nauyin a gan shi da jaka.

Ranar da aka cire roba ku tafi da famfas na manya ko audugar maza da wandon canji, don fitsari zai zubo ba da saninsa ba, in ya tashi, in ya yi tari, in ya yi ruku'u. Wannan ya fi tiyatar kanta karya wa Baba zuciya, mutum mai tsafta da kiyaye alwala. Wata rana na same shi zaune kan buzu da carbi a hannu an kira la'asar bai tashi ba, yace min, da wane tsarkin zan yi? Na je na ɗauko malaminsa, ya zaunar da shi ya yi masa bayanin hukuncin mai yoyon fitsari, cewa uzuri ne sananne a fiƙihu, ya sa abin tarewa, ya yi alwala lokacin kowace sallah ya yi sallarsa. Ku yi wannan da wuri kar ku jira ya daina zuwa masallaci. Sai motsa jijiyar ƙasan mara da za a koya masa, ya matse kamar mai riƙe tusa, ya ƙirga biyar zuwa goma, ya saki, sau goma, sau uku a rana. Mu mun haɗa masa da bayan asuba da azahar da isha'i don kar ya manta. Yawancin maza suna samun sauƙi cikin watanni, wasu har shekara, Baba a wata na biyar ya ajiye famfas, sai ɗan ƙyalle in zai yi nisa.

Maganar kwanciyar aure ba taka bace kai ɗa, amma ka tabbata an yi ta. Jijiyoyin ƙarfin namiji suna manne da naman da ake cirewa, ƙarfi na iya raguwa ko ya tafi na dogon lokaci, wani ya dawo wani bai dawo ba, maniyyi kuma ba zai ƙara fita ba, haihuwa ta hanyar da aka saba ta tsaya. Mai amarya ko mai son ƙarin 'ya'ya dole ya ji wannan kafin ya sa hannu. Ni roƙon likita na yi ya ga Baba da Mma su biyu, na zauna a benci a waje. Akwai magunguna da likita ke rubutawa, amma kar ya sayi na ƙarfin maza a tasha ko a cikin bas, wasunsu in sun haɗu da maganin zuciya jini na iya faɗuwa warwas.

In kuma an ce ta riga ta tafi ƙashi, tiyatar cire naman ba ita bace hanya, amma ba a gama ba. Abincinta sinadarin maza ne, sai a yanke mata shi da allura irin Zoladex duk wata ko duk wata uku, ko a yi ƙaramin aiki a cire abin da ke samar da shi a maraina, daga baya a ƙara da wasu ƙwayoyi ko kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa. Zai riƙa jin zafi na taso masa da gumi, sha'awa ta ragu, jiki ya yi nauyi, amma mutane na shekaru a kai. Abin da ke ɓata shi shi ne tsallake allura in an ga sauƙi ko kuɗi ya yanke. Mai irin wannan in ya fara ciwon baya mai tsanani, ƙafafu suka yi sanyi ko nauyi, ko ya kasa riƙe fitsari da bayan gida, a kai shi asibiti a ranar, kar a tsaya tausa ko ɗori, laka ce ake dannewa kuma kwana ɗaya na iya raba shi da tafiya.

Bayan tiyata PSA ce mai gadi. Ana fara dubawa kamar sati shida zuwa takwas, ya kamata ta faɗi ƙasa da 0.1, daga nan duk wata uku, a koma wata shida, a koma shekara. In ta hau zuwa 0.2 tana ƙaruwa ku koma da sauri, sau da yawa rediyoterafi na iya tarar ta. Ku riƙa yi a lab ɗaya don lambobin su yi daidai da juna. Ta Baba har yanzu ƙasa da 0.1 take, ta gaba bayan babbar sallah ce, na rubuta a kalandar ɗakinsa. A shafin ƙarshe na littafin nan kuma na ja layi na rubuta sunayenmu mu huɗu maza da shekarun kowa, Yaya ya yi nasa ya fito 1.1, ni ma na yi, saura biyu, ɗaya yana Tema ɗaya yana Agadas, kuma jiya ma na sake kiran na Tema yace in sha Allahu ranar Asabar.